Tarihin Tari Marar Maimaici a Harsunan Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda masu ƙago harsunan kwamfuta suka samar da tari marar maimaici, wato ma'ajiyar da ba ta karɓar abu guda sau biyu. Duk malamin da ya taɓa tace jerin sunayen ɗalibai don kada wani ya fito sau biyu ya san amfaninsa. Za mu nuna cewa tarihin nan ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: ta yaya na'ura za ta gane cewa abin da aka kawo mata yana ciki tuni, ba tare da ɓata lokaci ba?

Hanyoyi Uku

Tushen al'amarin daga ilmin lissafi yake, musamman aikin da Georg Cantor na Jamus ya buga a 1874. A wurin masu lissafi, abu ko dai yana cikin tari ko ba ya ciki, shi ke nan. Amma na'ura sai an nuna mata yadda za ta bincika.

Hanya ta farko ita ce ta harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970. Ya ware wa kowane abu gurbinsa guda: in yana ciki a sa 1, in babu a sa 0. Tun da gurbin ɗaya ne, maimaici ba shi da wurin zama. Illarta ita ce ba ta ɗaukar komai sai ƙananan abubuwa masu ƙirguwa, kamar haruffa da ƙananan lambobi.

Hanya ta biyu ta bayyana a harshen SETL, wanda Jacob Schwartz ya soma a Jami'ar Niyok a ƙarshen shekarun 1960. A nan ana lissafa wata lamba daga abin da za a ajiye, lambar kuwa ita ke nuna gurbinsa. Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya bayyana wannan dabara tun 1953. Da ita aka iya tara kalmomi, har ma da tari a cikin tari.

Hanya ta uku ita ce a jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, yadda bincike zai riƙa raba su biyu har a isa. Ita ce ƙa'idar harshen C++ ta 1998 ta ɗauka. A shekarar nan kuma Java ya ba da zaɓi tsakanin ta biyu da ta uku.

Matsalar Daidaito

Harshen Python ya fito a 1991, amma sai a 2004 tari ya zama ginanne a cikinsa. A nan aka ga cewa hanya ta biyu tana da sharaɗi: abin da aka ajiye kada ya sāke kama, domin in ya sāke, lambarsa ba za ta ƙara nuna gurbinsa ba. Saboda haka aka hana sa jeri mai canzawa a cikin tari. Daɗin daɗawa, Python na ɗaukar 1 da 1.0 abu guda, alhali kuwa "Kano" da "kano" abu biyu ne a wurinsa.

Kammalawa

A taƙaice, na'ura ba ta san maimaici ba sai bisa ma'aunin da mutum ya gindaya mata. Don haka ya kamata mu malamai mu fara koya wa ɗalibai wannan ma'auni kafin mu koya musu umurnin gina tari. In ba haka ba, ɗalibi guda zai iya zama biyu a rajista saboda harafi ɗaya.