Bagaruwar gwamnati da darbejiyar mai gida

Jirgin ƙasa da jirgin ruwa ne suka haifi aikin gandun daji a Sudan. Turawan Ingila na neman itacen hura injin da katakon shimfiɗa layin dogo, sai suka kafa sashen daji a 1902. Ba a jima ba Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa kudu da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Garuruwanmu da dokar daji kusan tare suka tashi a bakin kogin Nilul Azrak.

Itacen da hukuma ta fi sa wa ido shi ne bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan. Tana son kwaruruwan da kogi ke cikawa da damina, tsakanin Sinnar da Rusairis. Mu da muka ci abinci a wannan aiki mun san lokacinta. Ruwa na fara janyewa sai a shiga da ƙwaryar iri da aka jiƙa a ruwan zafi, taɓo har gwiwa, ana watsawa ana bin sawun ruwan. Bayan shekara talatin ko kusa da haka a sare, a kai injin yanka katako na Suki, a sake shukawa. Dokokin 1932 suka shata waɗannan dazuzzuka, aka zuba masu gadi. Majemi ya tsinci 'ya'yan bagaruwa, mace ta kwashi busassun ƙirare, mai gadi yakan kau da kai. Amma wanda ya ɗora gatari kan ɗanyen itace, a ƙwace gatarin, a tsare jakin, a ci shi tara.

A yankin Jazira labarin daban ne. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, auduga ta zama sarauniya, aka auna ƙasa gona-gona. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya, ta samu wuri a titunan Wad Madani da gidajen manyan ma'aikata a Barakat. Dubban Hausawa da sauran 'yan yamma masu tsinkar auduga kuwa aka bar su a kambo, wato sansanin leburori, bakin magudanar ruwa, ba takardar fili. Ruwa ga shi a ƙofar ɗaki, amma wa zai dasa itace a inda gobe za a iya ce masa ya tashi? Shi ya sa tun daga nesa kana iya bambance tsohon gari irin Mai Wurno, mai inuwa a tsakar gida da ƙofar masallaci, da kambon da rana ke dukansa tsirara.

A 1989 aka kafa Hukumar Dazuzzuka ta Ƙasa da sabuwar doka: kowace gonar ban ruwa ta bar kashi 5 cikin ɗari ga itatuwa, gonar damina kashi 10. A takarda babu kamarta. A fili kuwa tarakta ta ci gaba da share dajin Dali da Mazmum, manyan motoci na jigilar gawayi zuwa Khartum. Mun kuma ga illar dasa abin da ba a yi nazari ba. Itacen miskit da aka shigo da shi a 1917 don tare rairayi ya mamaye gonaki da hanyoyin ruwa, har gwamnati ta ba da umarnin tuge shi a 1995.

Itacen cikin gari shi ne maraya. Mu ma'aikatan daji namu daji ne, titi na ƙaramar hukuma. Ranar bikin dashe mukan raba tsirrai a leda, manya su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Ba wanda ya ware kuɗin ban ruwa, akuya kuma ba ta jiran kasafi. Waɗanda suka rayu duk suna da mai su: mai shayin da ke juye ruwan wanke kofuna a gindin, mai shagon da ya kewaye nasa da jan bulo, malamin allon da ya ɗora wa kowane almajiri bokiti ɗaya kullum.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ƙara tona wannan maraici. Gas ɗin girki ya yanke, albashi ya tsaya, masu gadi suka gudu da iyalansu, Wad Madani ta fita hannun gwamnati daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025. Dazuzzukan hukuma suka zama makamashin kowa, kuma ba a zargin uwar da ke neman dafa wa yara asida.

Idan aka dawo kan dashe, shawarata ga 'yan baya biyu ce. Kada tsiro ya fita daga gandun reno sai an rubuta sunan wanda zai shayar da shi. Sannan a ba mutanen kambo takardar filayensu, su da kansu za su zo neman tsirran.