Akwatin Lasifika: Daga Hannun Masu Jita Zuwa Wurin Karatunmu

Da yawanmu mun tashi mun tarar da baƙin akwatin nan na katako da ake fitowa da shi ranar maulidi ko saukar karatu, amma kaɗan ne suka san cewa asalinsa kayan masu kaɗa jita ne. Ba fatawa muka zo yi a kan kiɗa ba, wannan fagen malamai ne. Tarihin akwatin muke so mu bi, don yana da amfani ga masu shirin sayen kayan sauti na masallaci da makaranta.

Lokacin da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, ladan da maƙogwaronsa kawai yake aiki. Lasifika irin ta yau, mai maganaɗisu da faifan takarda, sai a 1925 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Rice da Kellogg, suka fito da ita. Amma lasifika tsirara ba ta da murya. Idan faifan ya turo iska gaba, bayansa yana janyo ta, sai iskar ta zagaya gefe su kashe juna, kaurin sautin ya ɓace. Aikin akwati shi ne ya shiga tsakaninsu. Shi ya sa tsofaffin masu gyaran rediyo ba sa yanke wa lasifika hukunci sai sun ji ta a cikin katako.

Masu jita ne suka fi kowa wahala a kan wannan. A Amurka, Leo Fender ya riƙa yin akwatuna masu buɗaɗɗen baya, sautin yana bazuwa ko'ina cikin ɗaki. A Landan kuwa, Jim Marshall, wanda ya fara ƙera amfilifaya a 1962, ya zuba lasifika huɗu masu inci 12 a akwati ɗaya, ya rufe bayan ruf, sautin ya riƙa fita gaba da ƙarfi. Har gobe kafinta duk da zai yi maka akwati, ɗayan biyun nan zai bi, ko ya san sunayensu ko bai sani ba.

A nan ƙasar Yarbawa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne masu kiɗan juju a Ikko suka fara sa wa jita wuta. Zamanin su I.K. Dairo, sannan Ebenezer Obey da Sunny Ade, kowane ƙaramin makaɗi yana son kayan sauti, kuma ba kowa ke da kuɗin na Ingila ba. To, ga filawud ana yi a Sapele, ga kasuwar katako a Bodija. Sai kafintoci suka riƙa auna na waje da tef suna kwaikwaya. Da tsuke bakin aljihu ya zo a 1982, sannan Naira ta faɗi a 1986 zamanin Babangida, shigo da akwati sukutum ya gagari talaka. Sai dai a sayo lasifika tsirara daga Alaba, a haɗa sauran a gida. A wannan lokacin ne irin waɗannan akwatuna suka cika unguwarmu, wasu sababbi, wasu kuma na hannu daga makaɗan da suka daina sana'a.

Aikin ba wuya gare shi ba, sai dai ba ya son ha'inci. Katakon ya zama mai kauri, kamar kashi uku cikin huɗu na inci. A haɗa kusurwa da gam da sukuru, ba ƙusa kaɗai ba, don girgiza tana zare ƙusa a hankali, sai ka ji akwati yana zuzu kamar an rufe ƙudan zuma a ciki. A yanke ramin gaba daidai bakin lasifikar. Sai maganar waya, inda aka fi yin asara: lasifika biyu masu om 8 idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa sun koma 4, idan aka bi da su ɗaya bayan ɗaya sun zama 16. Amfilifaya kuwa kowace da abin da take ɗauka, an rubuta a bayanta. Mai kwalba irin ta da, idan aka kunna ta ana kaɗawa babu lasifika a jikinta, tana iya ƙonewa.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Lasifikar jita da gangan aka yi ta ba ta ɗaukar siririn sauti, don kada jitar ta riƙa tsikarar kunne. Amma a cikin siririn sautin nan ne sin da shin da sad suke rabuwa. Dattawan da suka riƙa ƙorafin cewa alaramma yana cinye haruffa a wurin tafsiri, sau tari ba laifin alaramman ba ne, akwatin makaɗa aka ba shi. Masu gyara da suka gane haka sai suka huda sama suka ƙara 'yar ƙaramar lasifika, wadda suke kira tuwita, da ɗan kafasita da zai tare mata kaurin sauti kada ta fashe. Idan kun duba tsofaffin akwatunanmu za ku ga wasu da ramin nan na biyu, yankansa ma ba daidai yake da na farko ba.

Yau matasa sun fi son na roba daga Sin, mai batir da taya. Yana da sauƙin ɗauka, ba mu musa ba. Sai dai idan ya tsage, an gama. Na katako kuwa ana kwance shi, a sake naɗa masa waya, a canza faifan. Kwamitin da ke da irinsa a ɗakin ajiya, kafin a ba 'yan gwangwan, a kira mai gyara ya gwada shi da muryar mai karatu, ba da kaset ɗin kiɗa ba.