Daga lampo zuwa lotisma: ƙasa da haraji a gefen garin Maraɗi

A shekara ta 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari. Turawan Faransa suka maida jama'a bisa tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. A ganinmu, daga nan ne fili mai iyaka da takarda ya fara zama haja a wannan gari.

Amma harajin wancan zamani ba a kan gida yake ba, a kan mutum yake: lampo. (Kalmar ma ta haɗiye harafin Faransanci da ke gabanta, kamar yadda lakwal ta yi.) Gwamnatin Seyni Kunce ta soke shi lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa. Harajin gida kuwa bai taɓa kama jiki sosai ba, domin gidaje da yawa ba su cikin rajista.

Garin bai tsaya jira ba: mutum kusan dubu 110 a ƙidayar 1988, dubu 267 a ta 2012. Bayan an karya darajar sefa da rabi a 1994, mai kuɗi ya ƙara yarda da parsel fiye da banki. Da aka zaɓi majalisun kwaminoni a 2004, sai lotisma ya zama hanyar samun kuɗi mafi sauƙi: a yanka gonakin gero na gefen gari, a ba mai gona ƴan parseloli diyya, a sayar da saura. Parsel sau ɗaya ake sayar da shi, alhali unguwar da ta tsiro tana bukatar ruwa, hanya da lakwal kowace shekara.