Haɗa Alminiyam da Ƙarfe: Gwaninta Tana Wajen Auna Wuta

Duk yaron da ya koyi walda a Bauchi ya ji wannan hukunci daga bakin ogansa: alminiyam ba ya kama ƙarfe. Maganar tana da tushe. Alminiyam na narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1,500, saboda haka kafin ƙarfe ya yi laushi alminiyam ya riga ya zube. Ga kuma ɓawon da ke lulluɓe fuskar alminiyam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Mafi muni, in aka matsa musu suka narke tare, sai wani gauraye mai tauri da gautsi ya fito a mahaɗarsu. Aikin zai yi kyau a ido, amma guduma ɗaya ta isa ya ɓalle kamar tangaran. Duk ci gaban da fannin walda ya samu a nan ya zo ne ta hanyar rage wuta da iya auna ta.

A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin Steyr ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi tare da haɗin gwiwar 'yan Ostiriya, babu wanda wannan matsala ta dama, domin aikin ƙarfe da ƙarfe ne. Haka waldar bakin titi ta ginu: ƙofa, taga, tankin ruwa, bodin mota. Alminiyam kuwa ya bi hanyarsa daban, a hannun masu zuba tukwane da masu haɗa tagogin gilashi, waɗanda makamansu ribit ne da sukuru. Sana'o'in biyu suna maƙwabtaka, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A waje, nauyi ne ya tilasta haɗin, tunda alminiyam kusan sulusin nauyin ƙarfe ne. A shekarun 1960 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da dabarar manne ƙarafa biyu da ƙarfin fashewar nakiya, wadda masu ƙera jiragen ruwa ke amfani da ita har yau. A 1991 cibiyar TWI ta Ingila ta ƙirƙiro waldar gogayya, inda ƙarfen ke laushi ba tare da ya narke ba, kuma a 2012 Honda ta sanar da amfani da irinta wajen haɗa alminiyam da ƙarfe a ƙasan motar Accord. Kamfanin Fronius na Ostiriya shi ma ya fito da waldar CMT mai ƙarancin zafi. Leza, wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960, ta shigo wannan sahu ne saboda tana tara zafi a ɗigo ɗaya ta wuce da sauri. Ana saita hasken ya narkar da alminiyam da wayar ciko mai sinadarin silikon, ƙarfen kuwa ya yi zafi kawai. Narkakken alminiyam sai ya malale a kan ƙarfen, musamman mai rufin zinki, ya kama shi. Abin da ake nema shi ne kaurin gaurayen nan kada ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

Wani zai ce ai manyan kamfanoni ma ba duka suka yarda da waldar ƙarafan biyu ba, tunda Audi ta haɗa alminiyam da ƙarfe a motar TT ta 2006 da ribit da gam. Gaskiya ne, kuma sau da yawa ribit ya fi dacewa, domin gam na raba ƙarafan biyu ya hana zaizayar da danshi ke haddasawa in sun taɓa juna. Amma ribit na buƙatar leɓe mai faɗi, yana ƙara nauyi, ga wuraren da bai isa ba. Wani kuma zai ce injinan leza na hannu daga Chaina sun yi araha, a saya kawai a huta. Nan ne haɗarin yake. Injin ba ya canza ɗabi'ar ƙarfe. Hannun da ya ɗan jinkirta zai ƙara zafi, gaurayen ya yi kauri, ido kuma ba ya ganinsa. Ga alminiyam na mayar da haske, wanda ke iya makantar da mai aiki in babu tabarau na musamman.

Saboda haka abin da Bauchi ke buƙata kafin inji shi ne wurin gwaji. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna koyar da aikin injiniya a cikin garin nan. Kamata ya yi ƙungiyoyin masu walda su ƙulla da su, a riƙa yanka samfuri, a duba mahaɗar da madubin ƙara girma, a ja ta har ta tsinke, a rubuta saitin da ya yi aiki. Kafin a kai ga haka, mai waldar da aka kawo wa alminiyam da ƙarfe ya ce a sa ribit bai gaza ba, ya san aikinsa ne.