Abin da Ya Kashe Inabin Anaheim

A shekarun 1880, gonakin inabi na garin Anaheim da ke Kalifoniya a Amurka suka fara bushewa. Ganye ya ƙone daga gefe kamar an kara masa wuta, bayan 'yan shekaru kurangar ta mutu. Gwamnati ta turo masani Newton Pierce, ya rubuta bayanin cutar a 1892, har yau da sunansa ake kiranta, amma bai gano mai haddasa ta ba. Manoman suka haƙura, da yawansu suka koma noman lemo.

Daga baya aka gane cewa wasu ƙananan kwari masu tsotson ruwan tsiro ne ke yaɗa ta, sai aka ɗora laifin a kan bairos. An daɗe a kan wannan kuskure. Sai a 1973 aka hango bakteriya a jijiyoyin ruwan kurangar, aka iya renonta a ɗakin gwaji a 1978, aka raɗa mata suna Xylella fastidiosa a 1987. Duk tsawon lokacin, dabara ba ta wuce feshin kwari da tumɓuke abin da ya kamu ba.

Inda labarin ya fi jan hankalinmu shi ne Brazil, inda wani nau'inta ke lalata lemo. A 2000, masana a jihar Sao Paulo suka karanta dukan kundin halittarta, haruffa kusan miliyan 2.7, karo na farko da aka yi wa bakteriya mai cutar da tsiro haka. Mu masu rubuta manhaja mun san bambancin lalube da samun rubutun asali a hannu.

Jijiyoyin ruwan tsiro suna da siririn tankaɗe tsakaninsu, ruwa na wucewa, bakteriya ba ta wucewa. To yaya take game kurangar? A 2007, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa tana da wani enzayim mai narkar da fektin, danƙon da ke riƙe tankaɗen. Da suka kashe ƙwayar gadon da ke samar da shi, ta kasa bazuwa, ta kasa sa cuta. Tun 2005 kuma an gwada dasa wa inabi wani furotin daga ɗan itace dangin tuffa, mai daƙile irin wannan enzayim, cutar ta yi sauƙi, ko da yake ba ta gushe ba.

Sai dai nisan ɗakin gwaji da gona ba kaɗan ba ne. Da bakteriyar ta ɓulla a gonakin zaitun na Puglia a kudancin Italiya a 2013, zarto aka ɗauko wa bishiyoyin da suka shekara ɗaruruwa.