Aro da Ƙirƙira: Daga Gurbin Dara zuwa Free Fire

A garuruwan ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar har bakin iyaka a Maigatari, dattijo na iya buga dara a gindin bishiya, jikansa kuma yana gefe da waya yana buga Free Fire. Duka wasannin biyu suna da 'yan uwa a wasu ƙasashe, amma ɗaya ne kawai aka taɓa kai wa kotu.

Ginshiƙin dara, wato jera 'ya'ya uku a layi don a ci ɗan abokin karawa, ba na Hausawa kaɗai ba ne. Zabarmawa suna da shi da sunan dili, kuma littafin wasanni da Sarki Alfonso na Goma ya sa aka rubuta a Sifaniya a 1283 ya kawo wani mai kama da shi. Sai dai a na Turawa ana iya ci tun lokacin zuba 'ya'ya. A dara kuwa ba a ci sai kowa ya gama zuba goma sha biyunsa, kuma jerin huɗu ba ci ba ne. Wannan 'yar ƙa'ida ta sauya wasan gaba ɗaya, domin gwani tun a zubi yake ɗana tarkon da zai kama daga baya. Lido ma, da aka yi wa rajista a Ingila a 1896, daga pachisi na Indiya aka tsamo shi.

Rigima ta taso ne da kuɗi ya shigo. A 1972 kamfanin Atari ya fitar da Pong, bayan mai kamfanin, Nolan Bushnell, ya ga wasan tanis na na'urar Magnavox Odyssey. Magnavox ya kai ƙara, aka sasanta a 1976, Atari ya biya kuɗin lasisi.

Hukuncin da ya fi fayyace lamarin ya zo a 2012, a wata kotun tarayya a Amurka, tsakanin masu Tetris da kamfanin Xio. Xio bai musa kwaikwayo ba. Hujjarsa ita ce ƙa'idar wasa ba mallakin kowa ba ce. Alƙaliyar ta amince da haka, amma ta ce Xio ya kwashi har siffa da launi da girman fili, saboda haka ya sha kaye. Hukuncin ya yi ma'ana, ko da yake raba ƙa'ida da siffa ba kullum yake da sauƙi ba: a Tetris, ai siffar tubalan ita ce rabin ƙa'idar.

A Janairun 2022 Krafton, mai PUBG, ya maka Garena, mai Free Fire, a kotu kan kwaikwayo. Alhali PUBG kansa ya samo tsarin rage mutum ɗaya a tsibiri daga fim ɗin Japan na 2000, Battle Royale. Abin da Garena ya ƙara shi ne rage 'yan wasa daga 100 zuwa 50, da gajarta zagaye zuwa kimanin minti 10, da sauƙaƙa wasan yadda ƙaramar waya za ta iya ɗaukarsa.