Rabon da aka yi a bayan idon Habasha: tarihin rikicin ruwan Nilu

Ranar 9 ga Satumba, 2025, Firaminista Abiy Ahmed ya buɗe babbar madatsar ruwan da Habasha ta shekara goma sha huɗu tana ginawa a kan Shuɗin Nilu, a yankin Guba, daf da iyakar Sudan. Tafkin da ke bayanta na iya ɗaukar ruwa kyubik mita biliyan 74, an kuma tsara injinanta su ba da lantarki megawat 5,150, abin da babu wata madatsa a Afirka da ta kai. Shugabannin Kenya da Jibuti da Somaliya da Sudan ta Kudu sun halarci bikin. Shugabannin Masar da Sudan ba su je ba.

Madatsar lantarki ba ta shanye ruwa. Tara shi take yi, ta sake shi ta cikin injina, ya ci gaba da gangarawa inda ya saba. Don haka mai kallo daga nesa zai iya mamakin abin da ya sa Masar ke kiran wannan gini barazana ga rayuwarta. Amsar tana cikin takardu uku, na 1902 da 1929 da 1959, da kuma tambayar da har yau ba a warware ba: shin alkawarin da aka ƙulla a zamanin mulkin mallaka yana ɗaure wanda ba a tambaye shi ba?

Nilu koguna biyu ne da ke haɗuwa a Khartoum. Farin Nilu na tasowa daga yankin Tafkin Biktoriya, yana tafe a hankali duk shekara. Shuɗin Nilu kuwa daga Tafkin Tana yake saukowa, a tsaunukan Habasha, ya cika ya batse da damina, ya ja baya da rani. Idan aka haɗa shi da kogunan Atbara da Sobat, kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan da ke isa Aswan daga Habasha yake fitowa. Masar, wadda mutanenta suka haura miliyan ɗari, fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan shanta da na nomanta daga wannan kogi ne. Sarakunanta sun daɗe da sanin haka. Khedib Isma'il ya aika da runduna Habasha, Sarki Yohannes na Huɗu ya murƙushe ta a Gundet a 1875, ya sake murƙushe ta a Gura a 1876.

Abin da ya gagari Masar da takobi, Ingila ta nema da alƙalami. Bayan ta mamaye Masar a 1882, audugar da ake nomawa a bakin Nilu ta zama abincin masaƙun Lankasha, tsare kogin daga tushensa ya zama babbar manufar London. Ranar 15 ga Mayu, 1902, wakilinta John Harrington ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Menelik na Biyu. Ainihin batunta iyakar Habasha da Sudan ne, amma sashe na uku ya ce Menelik ba zai gina wani abu a kan Shuɗin Nilu ko Tafkin Tana ko Sobat da zai tare gudun ruwa ba, sai da yardar Ingila da gwamnatin Sudan. An rubuta ta da Ingilishi da Amhariyanci, kuma har yau ana gardama kan kalma ɗaya. Habasha na cewa abin da aka hana shi ne datse kogin baki ɗaya. Masar na cewa duk wani aiki da zai taɓa ruwan ya shiga cikin hanin.

Turawan da suka rubuta takardar su ne kuma suka fara nuna wa Masarawa cewa ana iya mai da kogin makami. A Nuwamba 1924 aka kashe Sir Lee Stack, Gwamna-Janar na Sudan, a kan titin Alƙahira. Cikin hukuncin da Lord Allenby ya yanke wa gwamnatin Sa'ad Zaglul har da barazanar faɗaɗa noman rani na Jazira, a Sudan, daga kimanin eka 300,000 zuwa yadda aka ga dama. Jazira ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, wadda madatsar Sennar ta fara shayarwa a 1925, kuma Hausawa da Fulani masu hanyar Makka da suka yada zango a Sudan na cikin waɗanda suka riƙe gonakin audugarta. Ingila ta janye barazanar daga baya, amma darasin ya zauna a zuciyar 'yan siyasar Masar: duk wanda ke sama da kai a kogi, maƙogwaronka na hannunsa.

Don kwantar da wannan tsoro aka yi musayar wasiƙu ranar 7 ga Mayu, 1929, tsakanin Firaminista Muhammad Mahmud Pasha da Lord Lloyd. An keɓe wa Masar ruwan watannin rani, aka kuma ba ta ikon hana duk wani aiki a Sudan ko a ƙasashen da Ingila ke mulka, wato Uganda da Kenya da Tanganyika, muddin zai rage mata ruwa. A ƙarƙashin wannan tsari rabon Masar ya tsaya a kyubik mita biliyan 48 a shekara, na Sudan biliyan 4. Habasha ba ta ciki, don ba Ingila ke mulkinta ba.

Takarda ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba Turawa suka rubuta ta ba. Jamal Abdul Nasir na son gina babbar madatsar Aswan, wadda janye tallafin Amurka gare ta a Yulin 1956 ya kai shi ga ƙwace Mashigin Suwez. Sai dai tafkin madatsar zai malala cikin Sudan ya cinye garin Wadi Halfa, dole ne a nemi yardar Khartoum. Gwamnatocin farar hula na Sudan, bayan samun 'yanci a 1956, sun ƙi amincewa da rabon 1929. Da Janar Ibrahim Abbud ya yi juyin mulki a Nuwamba 1958, magana ta yi sauƙi. Ranar 8 ga Nuwamba, 1959, aka sa hannu a Alƙahira. An ƙiyasta ruwan da ke isa Aswan a biliyan 84, aka cire biliyan 10 da zafin rana zai ƙafar daga tafkin, Masar ta ɗauki biliyan 55.5, Sudan ta ɗauki 18.5. Babu ɗigo ɗaya da ya rage. Sunan yarjejeniyar ma bai ɓoye komai ba, domin cewa ya yi an yi ta ne don amfani da ruwan Nilu gaba ɗayansa. Ƙasashen biyu suka kuma amince cewa idan wata ƙasa ta zo neman rabo, da murya ɗaya za su amsa mata.

Sarki Haile Selassie ya hango abin da ke tafe. Tun 1957 gwamnatinsa ta sanar a rubuce cewa Habasha na riƙe da haƙƙinta na amfani da ruwan da ke cikin ƙasarta. Ya gayyato hukumar madatsun ruwa ta Amurka, wadda ta yi nazarin Shuɗin Nilu daga 1958 zuwa 1964, ta nuna wuraren da suka dace da manyan madatsu, ciki har da ɗaya kusa da iyakar Sudan. Taswirar ta kwanta a durowa kusan shekara hamsin. Juyin mulkin 1974, yaƙin Eritiriya, yunwa da talauci sun hana Habasha motsi, masu ba da rance na duniya kuma ba sa son zuba kuɗi a kogin da ake rigima a kansa.

A nan gardamar shari'a ta fara, kuma kowane ɓangare na da abin kamawa. Julius Nyerere ya ce sabuwar ƙasa ba ta gadon alkawuran da mai mulkin mallaka ya ɗauka da sunanta sai in ta yarda. A 1962 Tanganyika ta sanar da Ingila da Masar da Sudan cewa yarjejeniyar 1929 ba ta ɗaure ta ba. Masar ta amsa cewa yarjejeniyar da ta shafi ƙasa da kogi tamkar iyaka ce, tana bin ƙasar ko da mulki ya sauya hannu. Tana da hujja, domin a Alƙahira ne Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada, kuma Kotun Duniya ta ɗauki irin wannan matsayi a 1997 a shari'ar Hangari da Sulobakiya kan Kogin Danub. Hujjar na da ƙarfi a kan takardar 1902, wadda Menelik ya sa wa hatimi, wadda kuma ita ce ta shata iyakar Habasha da Sudan. Da wuya a yi watsi da sashe na uku a ci gaba da riƙe sauran. A kan takardun 1929 da 1959 kuwa hujjar ba ta da ƙafa, saboda ƙa'ida ce tsohuwa cewa yarjejeniya ba ta ɗora wa ƙasar da ba ta ciki wani nauyi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a kansu ta ajiye ƙa'idoji biyu kafaɗa da kafaɗa: a yi amfani da ruwa bisa adalci, kuma kada a yi wa maƙwabci babbar illa. Habasha na jingina da ta farko, Masar da ta biyu. Da aka zo ƙuri'a, dukansu biyu suka ƙaurace.

An gwada sulhu. A 1999 ƙasashen kogin suka kafa dandalin tattaunawa, suka shekara goma suna rubuta sabuwar yarjejeniya, aka daidaita a kan komai sai sakin layi ɗaya, 14(b). Masar da Sudan sun nace a rubuta cewa ba za a taɓa haƙƙoƙinsu da amfaninsu na yanzu ba, wato a shigo da rabon 1959 ta bayan gida. Sauran suka ƙi. A Mayu 2010, a Entebbe, Habasha da Uganda da Ruwanda da Tanzaniya suka sa hannu abinsu. Yarjejeniyar ta fara aiki a Oktoba 2024, Masar da Sudan na waje.

Meles Zenawi bai jira wannan ba. Ranar 2 ga Afrilu, 2011, makonni bakwai bayan faɗuwar Husni Mubarak, ya aza harsashin madatsar. Da kuɗin cikin gida aka yi mafi yawan aikin, kusan dala biliyan 5, ta hanyar takardun lamuni da gudunmawar albashin ma'aikata, don haka babu wani banki da Alƙahira za ta roƙa ya rufe lalitarsa. A ƙasar da kusan rabin jama'a ba su da lantarki, aikin ya zama ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da Amhara da Oromo da Tigray ba sa saɓani a kai. Abin da ya biyo baya sananne ne. A Yunin 2013 aka ji 'yan siyasar Masar, a zaman da suka yi da Shugaba Mursi ba tare da sanin ana watsa shi kai tsaye ba, suna shawarar yi wa aikin zagon ƙasa. A Maris 2015 Sisi da Bashir da Hailemariam Desalegn suka sa hannu kan sanarwar ƙa'idoji a Khartoum, wadda a cikinta Masar ta amince da wanzuwar madatsar. Tattaunawar Washington ta rushe a Fabrairu 2020, Habasha ta fara tara ruwa a Yulin shekarar, a Disamba 2023 kuma Masar ta ce hanyar tattaunawa ta toshe.

Shekarun cika tafkin sun zo da damina mai albarka, bala'in da aka yi ta hasashe bai sauka ba. Wannan bai kashe maganar ba, ya dai mayar da ita inda ta fi wuya. Sudan, wadda ta daɗe ba ta iya cinye rabonta na biliyan 18.5, ragowar na gangarawa Masar kyauta, yanzu za ta riƙa samun ruwa daidai wa daida rani da damina. Ranar da yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya lafa, manomanta suka faɗaɗa noman rani, Masar za ta ji ragin a gonakinta, kuma ba za ta iya ƙorafi ba, tunda yarjejeniyar da take karewa ce ta ba Sudan wannan ruwa.

Sai kuma batun fari. A shekarun 1980, lokacin da yunwa ke kashe dubban ɗaruruwan mutane a Wollo da Tigray, ruwan da ke ajiye a Tafkin Nasir ne ya rufa wa Masar asiri shekara bayan shekara, har ya ja baya a tsakiyar 1988 zuwa kusa da inda injinan Aswan za su tsaya, kafin ruwan saman Agusta ya kawo ɗauki. A wancan lokaci babban rumbu ɗaya ne a kan kogin, makullinsa na hannun Alƙahira. Yanzu rumbunan biyu ne, na saman kuma makullinsa na Adis Ababa. Masar na neman rubutacciyar yarjejeniya mai ɗaurewa da za ta faɗi yawan ruwan da za a saki idan fari ya jera shekaru, da wanda zai fara cika tafkinsa bayan farin ya wuce. Habasha na cewa ta yarda da ƙa'idojin aiki da za a riƙa sake dubawa, amma duk wani adadi da aka ɗaure ta da shi, rabon 1959 ne aka sauya wa riga, kuma zai hana ta gina wasu madatsun a gaba. A kan wannan aka tashi a Washington a 2020, a kansa aka sake tashi a Adis Ababa a ƙarshen 2023.